Akawun uku a waya ɗaya, lambobin kwastomomina sun koma Sakkwato

Ɗan Mile 12: Assalamu alaikum jama'ar gida. Don Allah masana waya ku kawo min ɗauki, tun jiya kaina ke sarawa. Ina aiki a rumfar maigidana a kasuwar Mile 12 da ke Legas, albasa muke saukewa daga Aliero da Sakkwato, ni ke riƙe lissafi, ni ke kiran kwastomomi. A wayata akwai Gmail uku: nawa na kaina, na rumfa da ɗan maigida ya sa na buɗe saboda takardar lissafi, sai na ƙanwata da na buɗe mata lokacin rajistar JAMB. Jiya wayar ta ishe ni da cewa wuri ya cika, sai na ce bari in rage mata kaya, na cire akawun ɗin ƙanwata. Cirewar ke da wuya lambobi sama da ɗari biyu suka yi ɓatan dabo. Direbobin tirela, matan da ke sarin buhu daga Ketu da Oyingbo, masu kai kaya gidajen abinci, duka. Yau da asuba wata Iya da muka shekara uku muna ciniki ta kira, na ce "wa ke magana?" Ta wanke ni da Yarbanci ta kashe waya. Shi ke nan lambobin sun tafi?

Mai Gyara Ikeja: Wa'alaikumus salam. Kwantar da hankalinka ƙanena, ba su je ko'ina ba. A wayar Android lamba ba a jikin wayar take zama ba sai in kai ka zaɓi haka. Galibi cikin akawun ɗin Google take shiga, wayar kuma ta riƙa nuna maka. Kai duk tsawon lokacin nan kana ajiye lambobi suna faɗawa akawun ɗin ƙanwarka ba ka sani ba. Da ka cire akawun sai ya tafi da kayansa. Mayar da shi, ka jira minti kaɗan da data a kunne, za su dawo.

Ɗan Mile 12: Allahu Akbar. To ai yanzu na gane maganar da ta yi min da ƙaramar sallah. Ta ce Yaya wayata ta cika da sunayen da ban sani ba, wai wane ne "Direba Mai Gemu 2" da "Iya Ketu Bashi". Na ce mata ƙila bairos ne.

Maman Ummi Agege: "Iya Ketu Bashi" 😂 Wallahi da matar nan ta ga sunan da ka sa mata, zagin asubar nan somin-taɓi ne.

Ɗan Mile 12: Anti ai su uku ne Iya Ketu, dole in bambanta su.

Mai Gyara Ikeja: Wani abu kuma, cire akawun ba ya rage cikar waya wani abin kirki. Cika iri biyu ce mutane ke haɗawa. Akwai cikar wayar kanta, wannan bidiyoyin WhatsApp ne ke kawo ta. Akwai kuma cikar ma'ajiyar Google, giga 15 da suke ba kowane akawun kyauta, wadda Gmail da Drive, wato inda ake ajiye takardu, da hotuna ke ci daga tukunya ɗaya. Daga 2024 har ajiyar hirarrakin WhatsApp cikinta ake lissafawa. Wanne wayar ta ce maka?

Ɗan Mile 12: Gaskiya ban karanta ba, ja kawai na gani.

Injiniya Yaba: Bari in ƙara kan abin da Oga Mai Gyara ya faɗa, don in ka mayar da akawun kawai ka tsaya nan, gobe ma haka za ta faru. Bayan lambobin sun dawo, ka shiga manhajar lambobi ta Google, ka zaɓi akawun ɗin ƙanwarka kaɗai ya nuna maka abin da ke ciki. Ka yi wa na kasuwa alama ɗaya bayan ɗaya, akwai zaɓin mayar da su wani akawun. In sun yi maka yawa, ka fitar da su duka a fayil guda ka shigo da fayil ɗin cikin akawun ɗin da kake so, daga baya ka tsince na ƙawayenta. Sannan abu mafi muhimmanci, a saitin manhajar akwai inda ake zaɓar akawun ɗin da sabuwar lamba za ta riƙa shiga. Nan ne asalin ciwon. Ka gyara shi sau ɗaya ka huta.

Ɗan Mile 12: Na gode Injiniya. Tunda an zo nan bari in tambayi wata matsalar da ta daɗe tana ci min tuwo a ƙwarya. Duk sanda ɗan maigida ya turo min mahaɗin takardar lissafi a WhatsApp, in na danna sai ta ce ba ni da izinin shiga, wai in nemi izini. Alhali ni na buɗe akawun ɗin rumfar da hannuna. Sai na nema, shi kuma ya kira yana faɗa wai me ya sa nake neman izini da wani imel daban.

Injiniya Yaba: Wannan shi ne kukan kowa. Idan akawun da yawa ne a burauza ɗaya, wato manhajar buɗe shafukan intanet, wanda ka fara shiga da shi shi ne liman, sauran mamu ne. Duk mahaɗin da ka danna daga waje, liman ne ke amsa sallama. Takardar an ba akawun ɗin rumfa izini, amma naka ne ya je ƙofa, shi ya sa aka ce ba a san shi ba. In kana kan kwamfuta ka duba adireshin da ke sama, za ka ga u/0 ko u/1 ko u/2. Sifilin shi ne na farko, haka suke bin juna. Mafita ta gaggawa: a shafin da ya hana ka shiga, ka nemi inda ake sauya akawun, ko ka taɓa hotonka da ke sama ta dama ka zaɓi na rumfa. In kuma kana son na rumfa ya zama liman a burauzar, sai ka fita daga dukkansu, ka fara shiga da shi, sauran su biyo baya.

A waya kuwa hanya mafi sauƙi kada ma ka bi ta mahaɗin. Buɗe Drive kai tsaye, sauya zuwa akawun ɗin rumfa, takardar tana nan cikin abubuwan da aka raba da kai. Kuma ga wata dabara da da yawa ba su sani ba: a manhajar Gmail in ka ɗora yatsa kan hoton nan na sama ka ja shi ƙasa, yana tsallakawa akawun na gaba ba tare da ka buɗe komai ba.

Direban Obalende: Kai! Yanzu na gwada, wallahi ya yi. Shekara nawa ina shan wahala.

Baba Maigadi Ikoyi: Salamu alaikum 'ya'yana. Ni dai karatun boko bai dame ni ba, jikana ne ya sa ni a gidan nan. Amma abin da na sani, taura biyu ba ta taunuwa, balle uku. Ni wayata biyu. Ƙarama mai tocila, ita ke riƙe da layin banki, ba ta fita daga aljihun ciki. Babbar kuma ta kallon wa'azi da gaisawa da iyali. Yaro, ka sayi waya ta biyu ka ba rumfa, magana ta ƙare.

Ɗan Mile 12: Baba Allah ya ƙara girma, amma kuɗin waya yanzu ba wasa ba ne. Kuma a cunkoson Mile 12 da waya ɗaya ma yaya aka ƙare, hannu ɗaya a aljihu, ɗaya a biro.

Injiniya Yaba: Baba yana da gaskiya a batun layin banki, wannan ba na ja. Amma a batun imel, waya biyu ba ta magance komai in mutum bai san abin da ke shiga ina ba. Na ga mai waya uku da ya zuba akawun ɗaya a dukkansu, yaransa na goge masa hotuna daga gida yana ofis.

Maman Ummi Agege: Ni bari in ba ku nawa abin kunyar, ƙila wata ta tsira. Ina sayar da atamfa da turaren wuta, ina da shafin kasuwanci a Facebook ban da akawun ɗina. Ranar nan na gama sa hotunan sabbin kaya, na manta ban koma kaina ba. Sai na ci karo da wata muhawara kan kishiya a wani zaure, raina ya ɓaci, na zauna na zazzage cikina tas, kusan layi ashirin. Ban farga ba sai da wata kwastoma ta daga Surulere ta kira tana dariya, ta ce Hajiya ashe shagon atamfa ma yana da ra'ayi kan mijin mace biyu. Sunan shago, lambar shago, hoton leshi, ga masifa a ƙasa. Na goge, amma an riga an ɗauki hoton rubutun. Laifina ne, ba na kowa ba, tun da ƙaramin hoton da ke gefen wurin rubutu yana nuna wa mutum da sunan wa zai yi magana. Ni ce ban duba ba.

Anti Nas Idi-Araba: Maman Ummi ashe ke ce! Na karanta rubutun nan, kuma wallahi gaskiya kika faɗa.

Maman Ummi Agege: Rufa min asiri 'yar uwa. Abin da na yi daga ranar, na sa hotuna masu bambanci sosai. Nawa fure ne ja, na shago tambari ne baƙi da ruwan gwal. Ko da gefen ido na kalla na san a ina nake. Instagram ma haka, tun da yana barin mutum ya jera har akawun biyar.

Injiniya Yaba: Wannan dabarar ta fi duk wani saiti da zan koya wa mutum. Ɗan Mile 12, duba naka. Na tabbata duka ukun harafi ne kawai cikin da'ira.

Ɗan Mile 12: Haka ne. Biyu ma harafi ɗaya ne, launi ne kawai ya bambanta.

Mai Gyara Ikeja: Tsaya tukuna. Kafin ka je ko'ina, buɗe Google Photos, ka taɓa hoton sama, ka gaya mana sunan akawun ɗin da aka rubuta yana ajiye hotuna.

Ɗan Mile 12: Innalillahi.

Direban Obalende: Me ya faru?

Ɗan Mile 12: Na rumfa ne. Kuma ɗan maigida yana da akawun ɗin a kwamfutarsa. Jama'a akwai hotunan yarinyar da zan aura a ciki, da na lefe, da wanda na ɗauka a bakin teku ina sanye da tabarau. Shi ya sa makon jiya yake ce min "ango, ango" ina mamakin wa ya gaya masa.

Maman Ummi Agege: To ango, Allah ya sanya alheri. Mu ma mun ji yanzu.

Mai Gyara Ikeja: Kada ka yi gaggawar gogewa, nan ne mutane ke yin kuka biyu. Muddin wayarka tana haɗe da akawun ɗin, in ka goge hoto a cikin manhajar yana iya tafiya har da na kan wayar. Fara kwafe su zuwa memori ko kwamfuta. Sannan ka sauya ajiyar ta koma akawun ɗinka, tun da akawun ɗaya tak take zubawa a lokaci guda. Sai daga baya ka shiga na rumfa ta burauza ka share naka, ka kuma leƙa kwandon shara ka zubar.

Alhaji Mai Tirela Apapa: Na karanta duka tun daga sama. Ku yara kuna ta maganar danna nan danna can, ba wanda ya yi tambayar da ta kamata. Kai Ɗan Mile 12, akawun ɗin rumfar, da lambar wa aka buɗe shi?

Ɗan Mile 12: Da tawa Alhaji. Maigida ba ya harkar waya, ko saƙo sai an karanta masa.

Alhaji Mai Tirela Apapa: To ka ji. Wannan ba akawun ɗin rumfa ba ne, naka ne na biyu da ka sa wa sunan rumfa. Ni abin ya taɓa ci na. Ina da yaro a gareji, shekara biyar yana tare da ni, shi ke karɓar odar lodi a WhatsApp na kasuwanci. Layinsa ne a kai, ban taɓa kawo komai a raina ba. Ranar da muka rabu, ba faɗa ba komai, ya tafi da layinsa, hakkinsa ne. Amma duk masu ba ni lodi daga tashar jirgin ruwa lambar nan suka sani. Wata uku ina bin mutane ɗaya bayan ɗaya ina cewa ga sabuwar lamba. Wasu har yau can suke kira. Ban ce ya cuce ni ba, sakacina ne. Tun daga nan duk abin da ya shafi gareji, layin da aka yi wa rajista da NIN ɗina ne a kai, yara kuma in ba su aro.

Anti Nas Idi-Araba: Alhaji, Allah ya ƙara arziki, amma ina da ja kaɗan. Yaron nan da ya shekara biyar yana amsa waya dare da rana, kwastomomin da suka saba da muryarsa, duka naka ne? Wasu ai shi ya nemo su da ƙafarsa. In ya tafi suka bi shi, ba lamba suka bi ba, mutum suka bi.

Alhaji Mai Tirela Apapa: 'Yata, da motar wa aka kai musu kayan? Da man wa?

Anti Nas Idi-Araba: Da taka. Amma motar ba ta iya lallashin mai kaya in gosulo ya riƙe ta kwana biyu a hanyar Apapa. Shi ke yi.

Malam Na Islamiyya: Ku yi haƙuri in sa baki. Dukkanku kuna da gefen gaskiya, shi ya sa ake son a yi magana tun ana shiri. Abin da aka damƙa wa mutum don aikin wani amana ne, lissafin rumfa da lambobin masu bashi suna ciki. Abin da kuma mutum ya samu na sabo da mutunci, ba mai ƙwace masa. Rikicin yana zuwa ne in aka cakuɗa su a jaka ɗaya har ba a iya rarrabewa. Shawarata ga ƙaninmu, ka je ka sami maigidanka ka ce masa ga yadda abin yake, a sa lambarsa a kan akawun ɗin rumfa, a rubuta kalmar sirrin a takarda ya adana. Kai ma ka sauke nauyi. Yau lafiya, gobe sai Allah. In ka kwanta ciwo ko ka tafi gida biki, kada lissafin mutane ya maƙale a aljihunka.

Ɗan Mile 12: Malam na ji, kuma zan yi. Tsorona ɗaya, in aka sa lambar maigida, duk sanda zan shiga sai an tura masa lambobin tabbatarwa, shi kuma yana iya kasancewa a Aliero wajen sayen kaya, ga matsalar sabis.

Injiniya Yaba: Ba kullum ake tambaya ba. Wayar da ka riga ka shiga da ita ta san ka, sai in ka sauya waya ko ka shiga daga sabon wuri. Kuma Google yana ba da lambobin ko-ta-kwana guda 10, kowace mai alƙaluma 8, kowace sau ɗaya take aiki. Ana samunsu a sashen tsaro bayan an kunna tabbatarwa mai mataki biyu. Ku rubuta su a littafin rumfa na gaske, na takarda, a sa a durowa mai makulli.

Direban Obalende: Ni tambayata kan WhatsApp ce. Ina da layi biyu, na fasinjoji da na gida. Wani yaro a tasha ya sa min GB WhatsApp don in haɗa biyun. Lafiya lau yake yi, har ana ganin saƙon da aka goge.

Mai Gyara Ikeja: Yaya, cire shi yau, ba gobe ba. Ba na kamfanin ba ne, wasu ne suka kwaikwaya, ba ka san inda hirarka ke bi ba, kuma ana rufe layukan da aka kama da shi. A shagonmu a Computer Village ba a mako ba a zo da irin wannan kukan ba. Ba ka ma buƙatarsa. Tun watan Oktoba na 2023 WhatsApp na asali a Android yana karɓar akawun biyu a manhaja ɗaya, muddin kana da layi na biyu da zai karɓi lambar tabbatarwa mai alƙaluma 6. Ko kuma ka sa layin fasinjoji a WhatsApp Business, na gida a na kullum. Wayoyi da yawa ma suna zuwa da nasu tagwaita manhaja, Samsung na da Dual Messenger, Tecno na da App Twin.

Injiniya Yaba: A nan zan ɗan saɓa da Oga. Akawun biyu a manhaja ɗaya yana aiki, amma ga mai tuƙi ban ba da shawara ba. Fuskarsu ɗaya, launinsu ɗaya, kana kan gadar Third Mainland kana sauri sai ka tura wa fasinja saƙon uwargida. Manhaja biyu daban ta fi, ko ba komai tambarinsu ya bambanta.

Mai Gyara Ikeja: Injiniya, kai kana magana ne da waya mai babban ciki. Mutanenmu da yawa wayarsu giga 32 ce, rabi ya tafi a manhajojin da suka zo da ita. Manhaja biyu, ajiya biyu, bidiyon zaure biyu. Sati uku wayar ta fara rarrafe, su kawo min.

Injiniya Yaba: Sai a kashe saukar da bidiyo kai tsaye. Cikar ba daga manhajar take ba, daga zaurukan dangi take, inda mutum goma ke turo wa'azi ɗaya.

Mai Gyara Ikeja: Wannan kam ban musa ba.

Direban Obalende: To ni wanne zan bi?

Maman Ummi Agege: Bi na Injiniya in uwargida na da zafi, bi na Mai Gyara in wayar ce mai zafi.

Admin: Jama'a a riƙa tunawa da mai tambaya. Ɗan Mile 12, ka mayar da akawun ɗin?

Ɗan Mile 12: Ina kai. Na sa kalmar sirri, sai ya ce an tura lamba zuwa layin da ya ƙare da wasu alƙaluma biyu, na ƙanwata ne. Na kira ta ta karanto min, ta ƙi. Wai ni da kaina na ce mata ko wa ya kira ya nemi lambar da aka turo kada ta bayar, ko da muryata ce.

Anti Nas Idi-Araba: Yarinyar nan ta burge ni. Allah ya ba ta jami'ar da take so.

Baba Maigadi Ikoyi: Tarbiyya ta yi kyau. Kai ka koya mata, sai ka sha.

Ɗan Mile 12: Sai da na kira ta ta bidiyo, ta ga fuskata da buhunan albasa a bayana, sannan ta karanto. Lambobi sun fara dawowa, ina ganinsu suna shigowa. Alhamdulillah.

Injiniya Yaba: Madalla. In ka gama kwashe naka, akwai aikin da ya rage game da ita. Imel ɗin nan da layin da ta tura NIN zuwa 55019 da shi, su ne igiyarta da JAMB har ta samu gurbi, don haka ta riƙe su da kyau. Ta sauya kalmar sirri zuwa wadda ita kaɗai ta sani, sannan kai ka cire akawun ɗin daga wayarka. In ka bar shi, duk ranar da ta je shiga a wata kwamfuta, tambayar "ke ce kike son shiga?" tana iya faɗowa a wayarka a Legas, ita tana Sakkwato tana jira, kai kana tsakiyar sauke tirela. Kuma kada ta yi watsi da shi bayan jarrabawa. Daga Disambar 2023 Google ya fara aiki da ƙa'idar cewa akawun ɗin da ya shekara 2 ba a taɓa shi ba ana iya share shi.

Anti Nas Idi-Araba: Layin ma haka. Ƙanena ya ajiye wani layi ya yi tafiya, ya daɗe bai sa masa kati ba. Da ya dawo ya nemi shiga tsohon akawun ɗinsa, lambar tabbatarwa sai ta tafi wayar wani bawan Allah, ashe an sake sayar da layin. Mutumin kirki ne ya taimaka, amma da wani ne fa?

Mai Gyara Ikeja: Tunda an taɓo cire akawun, bari in faɗi wanda ya fi kawo mana mutane. Mutum ya sayi waya, yaron shago ya buɗe masa Gmail a tsaye, ya sa kalmar sirrin da shi kansa ba zai tuna ba bayan awa ɗaya. Shekara biyu wayar ta rikice, a yi mata wankin ciki gaba ɗaya, ta tashi ta ce sai an sa akawun ɗin da ke kanta a da. Kariya ce da aka sa saboda ɓarayi, amma mai kaya take kamawa in bai san nasa ba. Haka in za ka sayar da waya ko ka ba wani kyauta, ka cire akawun ɗinka da hannunka tukuna kafin a wanke ta. In kuma ta hannu za ka saya, a kunna ta a gabanka har ta kai fuskar gida kafin ka miƙa kuɗi.

Direban Obalende: Wallahi ni ma ban san kalmar sirrin nawa ba. A Oshodi aka buɗe min.

Mai Gyara Ikeja: Tun wayar na hannunka tana aiki, yanzu ne lokacin. Duba ko lambarka ce a kai, in ita ce ka nemi sabuwar kalmar sirri. In ta gagara ka biyo ta Ikeja in duba maka, kuɗin shayi kawai.

Alhaji Mai Tirela Apapa: Ɗan Mile 12, ban ji ka ce komai kan maganar maigida ba. Dawowar lambobi kada ta mantar da kai.

Ɗan Mile 12: Ban manta ba Alhaji. Bayan la'asar na same shi na yi masa bayani. Da farko bai gane ba, ya ce shi dai lissafi ya fito daidai. Sai na ce masa Baba, kamar a ce makullin rumfarka ne amma a zoben makullan ɗakina yake. Ya yi shiru, ya ce gobe ɗansa ya raka shi su yanki sabon layi da sunansa, a sa a ƙaramar waya ta zauna a rumfa. Lambobin masu sari da direbobi na mayar da su akawun ɗin rumfa. Amma akwai mutum bakwai da ni na samo su tun ina dako kafin in zo wurinsa, waɗannan na ajiye a duka biyun, kuma na gaya masa.

Anti Nas Idi-Araba: Me ya ce?

Ɗan Mile 12: Ya ce bakwai ɗin ma ai bashi ne ya fi yawa a cikinsu, in na tashi tafiya in tafi da su.

Maman Ummi Agege: Iya Ketu fa? Kun shirya?

Ɗan Mile 12: Ta zo da yamma, na ba ta haƙuri, na ƙara mata albasa kwano guda a kan buhunta. Na kuma sauya mata suna zuwa "Iya Ketu Babba". Sai dai yanzu a wayata akwai "Zee Besty" da "Anti Mai Kitso" da wasu goma sha biyu da ban san su ba, sun biyo fayil. Injiniya, in na goge su a nan ba za su goge a wayar ƙanwata ba ko?

Injiniya Yaba: In daga akawun ɗinka ko na rumfa ka goge, nata na nan. Duba hoton sama tukuna kafin ka taɓa komai.

Ɗan Mile 12: Na duba. Na sa wa na rumfa hoton albasa, nawa kuma wanda na sa tabarau. Tirela ta shigo, sai anjima.